Abin da harhaɗa keken lantarki na hawan dutse ya koya mini

Kusan duk wanda ya zo a harhaɗa masa keken lantarki na hawan dutse, tambayarsa ta farko ita ce injin wat nawa ne. Aikin nan ya koya mini cewa wannan tambayar ƙarshe ya kamata ta zo. Kafin in ɗauki sifana sai na san tsayin mutum da nauyinsa, da irin hanyar da zai riƙa bi, ko dogon tudu ce, ko gangare mai tsakuwa da saiwoyi. Firam ɗin da ya yi wa mutum girma babu injin da zai gyara shi.

Mazaunin injin ma ya fi yawan wat muhimmanci. Wanda ake sawa a cibiyar tayar baya yana da sauƙin ɗaurawa, kuma a kan kwalta ba shi da laifi. A dogon hawa ne yake gazawa, domin tare da taya yake juyawa: ta rage gudu, shi ma ya rage, sai wutar batir ta riƙa komawa zafi. Na wajen feda kuwa ta sarƙa yake tura ƙarfinsa, saboda haka yana cin moriyar giya, nauyinsa kuma yana ƙasa a tsakiyar keke.

Sai dai injinan wajen feda ma ba halinsu ɗaya ba, kuma a nan na fi daɗewa da mai keke muna magana. Bafang BBSHD yana da ƙarfin juyi har Nm 160, Shimano EP8 kuwa 85 ne. A takarda na farko ya yi nasara. Amma BBSHD abin da ya sani kawai shi ne feda na juyawa, bai san ko a hankali ka taka ko da ƙarfi ba. Ka shiga ƙuntatacciyar kwana tsakanin duwatsu, ka ɗan motsa feda, sai ya fizge ka da duk ƙarfin da aka saita masa, tayar baya ta kwashe ƙasa ko ta gaba ta ɗaga. EP8 da Bosch Performance Line CX suna auna nauyin takunka, su ƙara maka daidai gwargwado. Wanda ya taɓa hawa dutse mai santsi da irin wannan injin ya san abin da nake nufi, ji zai yi kamar ƙafarsa ce ta ƙara ƙarfi. Ga mai bin ƙananan hanyoyin tsauni, shi nake zaɓa masa ko da lambarsa ta fi ƙanƙanta.

Birki kuwa ba na sassauci a kansa. Irin wannan keke yakan kai kilo 22 zuwa 25, ga mahayi, ga gangare. Ina sa birkin mai, mai fistin huɗu, da faifai na milimita 203 aƙalla a gaba, domin ƙaramin faifai yana ɗaukar zafi a doguwar gangara har kamunsa ya ragu. Duk abin da injin ya haurar da kai, birki ne zai sauko da kai.

Lissafin batir mai sauƙi ne: bolt 48 sau amfiya-awa 14 ya ba ka wat-awa 672, wato yawan wutar da batirin ke iya ɗauka. Abin da ba ya fitowa a lissafi shi ne ingancin ƙwayoyin da ke ciki da allon da ke kula da cajinsu. Batirin lithium marar asali yana iya kamawa da wuta, shi ya sa ba na ɗaura wanda ban san maƙerinsa ba. In za a ajiye keke na tsawon lokaci, a bar batirin da kusan rabin caji.

Hawan ma sai an sake koyonsa. Injin ya fi jin daɗin aiki in feda na juyawa sau 70 zuwa 90 a minti, don haka a sauko giya tun kafin tudu ya yi tsanani, a kuma sassauta taku yayin canjawa, in ba haka ba sarƙa da haƙoranta ba za su yi ƙarko ba. Hannun feda gajere, milimita 160 ko 165, yana rage bugun dutse, tunda a keken lantarki ana ci gaba da takawa a wuraren da mai keken gargajiya zai dakata.

Sai doka. A Tarayyar Turai, keken lantarkin da doka ke ɗauka a matsayin keke injinsa ba ya wuce wat 250, kuma taimakonsa yana yankewa a kilomita 25 cikin awa. A Amurka, inda ake kasa kekunan lantarki rukuni-rukuni, taimakon injin na rukuni na ɗaya yana tsayawa a mil 20 cikin awa. BBSHD mai wat 1,000 ya wuce iyakar Turai nesa. Wannan yana damuna ƙwarai, domin hanyoyin nan akwai masu tafiya a ƙasa, kuma ganganci na mutum ɗaya kan sa a rufe hanya ga kowa. Shi ya sa nake tambayar inda za a hau keken tun kafin in yi odar inji.