"Ana kan bincike": darasi ga masu gabatar da ƙara

Lauyan gwamnati ba lauyan wanda aka cuta ba ne, gwamnati yake wakilta. Wannan ya kamata ya faɗa wa mutum a zaman farko, don da yawa sukan ɗauka nasu ne, su saki jiki. Amma rashin wakilcin bai ba shi damar yi musu rufa-rufa ba.

Shari'ar Jeffrey Epstein, attajirin da aka zarga da lalata da 'yan mata masu ƙarancin shekaru a jihar Fulorida ta Amurka, ta isa misali. A watan Satumba 2007 ofishin mai gabatar da ƙara na tarayya, ƙarƙashin Alexander Acosta, ya sa hannu a yarjejeniyar cewa ba za a gurfanar da Epstein a kotun tarayya ba idan ya cika wasu sharuɗɗa. Ba a gaya wa 'yan matan da ya ci zarafinsu ba. A Janairu 2008 sai ga wasiƙu daga FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ana ce musu ana kan bincike, su ƙara haƙuri. A Yuni Epstein ya amsa laifi a kotun jiha, aka yanke masa wata 18.

Mai kare wasiƙun zai ce ai Epstein bai riga ya cika sharuɗɗan ba, don haka binciken bai mutu ba. A ganina wannan wayon lauya ne kawai. Ƙa'idojin aikin lauya a Amurka sun ɗauki maganar da rabinta gaskiya ne amma tana ɓatar da mai ji a matsayin yaudara. A 2019 alƙali Kenneth Marra ya ce an saɓa dokar haƙƙin waɗanda aka cuta ta 2004. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar ba ta ba su damar shigar da ƙara ba, tunda ba a taɓa gabatar da tuhuma a kotun tarayya ba. Sun rasa a kotu, amma hukuncin bai wanke wasiƙun ba.

A Najeriya, sashe na 270 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya tanadi neman amincewar wanda aka cuta ko wakilinsa idan za a yi yarjejeniyar amsa laifi, wato wanda ake tuhuma ya amsa laifi don a sassauta masa, bayan an fara gabatar da shaidu. Inda ake tuntuɓe shi ne lokaci: a kira mutum bayan an gama magana da lauyan wanda ake tuhuma, wannan sanarwa ce, ba shawara ba.

Don haka a zauna da wanda aka cuta kafin sa hannu. A faɗa masa tuhumar da za a janye, hukuncin da ake tsammani, da batun diyya, cikin harshen da yake ji. Ranar beli da ɗage zama, kada ya tsince su a bakin maƙwabta. Abin da ba za a iya bayyanawa ba, a ce masa kai tsaye, "Wannan ba zan iya faɗa maka yanzu ba." Kada a yi masa alkawarin ɗauri, hukunci na hannun alƙali. Kowace ganawa a rubuta ta a fayil: kwanan wata, wanda ya halarta, abin da aka faɗa. Wasiƙar da ofis ya saba aikawa kuma, lauyan da ke riƙe da fayil ɗin ya karanta ta kafin ta fita.