Kuɗin da ke asusun Novavax ba duka nasa ba ne

Ranar 28 ga Fabrairun 2023 kamfanin Novavax, mai haɗa rigakafi a garin Gaithersburg na jihar Maryland a Amurka, ya shaida wa masu hannun jarinsa cewa akwai babban kokwanto ko zai ƙara shekara guda yana tsaye da ƙafafunsa. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, a ƙarshen 2022 yana da kusan dala biliyan 1.3 a hannu. Mai irin wannan dukiya ya ce yana tsoron durƙushewa?

Sanarwar ba da son ransa ya yi ta ba. Ƙa'idar lissafin kuɗi a Amurka ta ɗora wa shugabannin kamfani su duba wata 12 masu zuwa daga ranar da suka fitar da rahotonsu. In kuɗin da ke hannu da wanda ake da tabbacin shigowarsa ba za su biya abin da ke wuyansu ba, dole su faɗa a rubuce. Fatan alheri ba ya shiga wannan lissafi.

Kamfanin haɗa magani yana iya shafe shekaru ba ya sayar da komai. An kafa Novavax a 1987, amma bai samu rigakafin da aka amince da shi ba sai na korona, a ƙarshen 2021. Duk tsawon wannan lokaci albashin masu bincike da kuɗin gwaji a asibitoci daga aljihun masu zuba jari da masu ba da tallafi suke fitowa. Shi ya sa wanda ya san harkar ba ya fara tambayar riba. Yana ɗaukar kuɗin da ke asusu ne ya raba da abin da ake ƙonawa duk wata 3. A ce akwai dala miliyan 120, ana kashe miliyan 30 kowane zango, saura shekara ɗaya ke nan. Kuma ba a jira sai tukunya ta ƙafe. Da zarar abin da ya rage ya gaza na shekara, masu kuɗi sun san kana cikin matsi, su ne za su yanka maka farashi.

Hanya mafi sauƙi ita ce fitar da sababbin hannayen jari, sai dai tana da lokacinta. Kamfani mai hannayen jari miliyan 100, kowanne dala 10, in yana neman miliyan 50 sai ya ƙara miliyan 5 kawai. Gwaji ya faɗi, farashi ya koma dala 2, sai ya ƙara miliyan 25 kafin ya tara kuɗin nan dai. Rabon tsohon mai jari ya tsinke, kamar nonon da aka yi ta ƙara wa ruwa. Novavax ya ɗanɗana wannan. A Satumban 2016 rigakafinsa na cutar numfashi ta RSV ya gaza a gwaji mataki na 3 kan tsofaffi, farashin hannun jarinsa ya zube da fiye da kashi 80 cikin 100 a yini ɗaya. A Fabrairun 2019 gwajin da aka yi kan mata masu ciki shi ma bai cimma babban burinsa ba, farashi ya faɗo ƙasa da dala 1. Kasuwar hannayen jari ta Nasdaq kuwa, inda ake cinikin na Novavax, tana aika gargaɗi in aka yi ranakun ciniki 30 a jere ƙasa da dala 1, ta ba da kwana 180 a gyara. A watan Mayun shekarar sai kamfanin ya dunƙule kowane hannun jari 20 ya zama 1. Lamba ta tashi, amma ko sisi bai shigo ba.

Sai korona ta zo. Ƙungiyar CEPI, mai tallafa wa binciken rigakafin annoba, ta yi alƙawarin har dala miliyan 388, gwamnatin Amurka ta ba da kwangilar biliyan 1.6 a Yulin 2020. A nan ne maganar da ta fi muhimmanci take. Ƙungiyar Gavi, mai samar wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi rigakafi, ta ƙulla yarjejeniyar sayen allurai miliyan 350 a 2021, ta biya kusan dala miliyan 700 kafin alƙalami. Kuɗin kafin alƙalami yana zaune a banki, ana ƙirga shi cikin abin da ke hannu, amma a ɗaya shafin rahoton nauyi ne a wuyan kamfani har sai an kai kaya. Tela da ya karɓi kuɗin ɗinkin sallah bai zama mai kuɗi ba sai ya miƙa riguna. Novavax ya sha fama da matsalar sarrafa rigakafin da yawa, izinin Amurka bai fito ba sai Yulin 2022, lokacin da Pfizer da Moderna sun riga sun cika kasuwa. A Nuwamban 2022 ya soke yarjejeniyar, Gavi ta ce a dawo mata da kuɗinta, magana ta tafi gaban masu sasanci.

Ga kuma bashin dala miliyan 325 da ya ci a 2016, irin wanda mai bin bashi ke iya mayarwa hannun jari in farashi ya kai wani mizani. Irin wannan bashi yana da ruwa kaɗan, shi ya sa yake da daɗin ci. In farashin bai kai ba, ranar biya tsabar kuɗi za a ƙirga, kuma wa'adinsa ya cika a Fabrairun 2023. Cire wannan, ka ajiye abin da Gavi ke nema a gefe, ka tuna cewa asarar 2022 kaɗai ta haura dala miliyan 650, sai ka ga biliyan 1.3 ɗin nan ya koma ɗan abin da ba zai kai ko'ina ba.

Wannan ba labarin nesa ba ne gaba ɗaya. Sinadarin Matrix-M na Novavax, wanda ake samu daga ɓawon wata bishiya ta ƙasar Chile, shi ne ke ƙarfafa rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21 da aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024.

Fitar kamfanin daga ramin ta zo a matakai, kowanne da farashinsa. A Mayun 2023 ya sallami kusan kashi 25 cikin 100 na ma'aikatansa. A Fabrairun 2024 aka yi sulhu da Gavi: miliyan 75 nan take, sannan miliyan 80 duk shekara har 2028. Bashin bai gushe ba, an dai shimfiɗa shi yadda ba zai faɗo cikin wata 12 ɗaya ba, kuma wannan ne lissafin ke dubawa. A Mayun 2024 kamfanin Sanofi na Faransa ya biya dala miliyan 500 a hannu, cikin yarjejeniyar da ka iya kaiwa biliyan 1.2, sai aka janye gargaɗin durƙushewar. Ragowar miliyan 700 ɗin sharaɗi ne, sai an cimma wasu matakai ake biya. A madadin haka Sanofi ya samu damar sayar da rigakafin koronar a yawancin ƙasashen duniya daga 2025, da izinin haɗa shi da nasa na mura.