Fuskar Yayata da Maganin Prednisolone

Shekara 2 ke nan yayata tana shan prednisolone saboda amosanin gaɓɓai. Idan na raka ta asibiti, likita sukari da hawan jini yake dubawa, sai ƙarfin ƙashi, domin maganin yana cin ƙashi a hankali. Ita kuwa abin da ke damunta daban ne: fuska ta kumbura, barci ya ƙaurace, har ta daina zuwa biki saboda masu cewa "Hajiya, an samu hutu!"

Ran nan ta ce za ta ajiye shi. Na ce, "Yaya, don Allah kar ki yi." Jikin da ya saba da shi yakan rage samar da nasa kotisol, wato sinadarin da jiki ke yi da kansa wanda maganin ke kwaikwaya, shi ya sa tsayarwa farat ɗaya haɗari ne babba. Muka koma, ta faɗa wa likita da bakinta, ya fara rage mata kaɗan-kaɗan.