Mayen da ba na giya ba

Ƙanena bai taɓa kurɓar giya ba, tramol ma bai san kalarta ba, amma rabin unguwarmu a Tahoua sun yi masa shaidar mashayi. Bara waccan hanjinsa ya murɗe, aka kai shi Yamai aka yanke mafi yawan ƙaramin hanjin. Na babban mutum yakan kai wajen mita 6. In abin da ya rage bai kai mita 2 ba, shi ne likitoci ke kira gajeren hanji.

Abin yakan taso masa ne in ya sha hura da sukari ya ƙoshi. Harshe ya yi nauyi, ya miƙa hannu zai ɗauki moɗa ya kuskure ta, ya miƙe yana tangaɗi, ga faɗa ba gaira ba dalili, ga haki. Inna ta ce iskoki ne, ta dinga turare. Baba kuwa gaisuwarsa ma ya daina amsawa, wannan ya fi ciwon ƙona masa rai.

Wani likita ne ya warware mana. Gero da sukarin da guntun hanjin ya kasa tsotsewa suna gangarawa babban hanji, ƙwayoyin bakteriya na cikinsa su tsamar da su, su fitar da wani tsami mai suna D-laktat. Jiki ba ya iya ƙone shi da sauri, sai ya taru a jini ya taɓa ƙwaƙwalwa, wani har ya suma. Duk mai kiwo ya san ragon da ya faɗa wa buhun hatsi ya wayi gari yana layi. A dabbobi aka fara sanin abin, sai a 1979 aka bayyana shi a jikin mutum.

Abin haushin, awon laktat da aka saba yi L-laktat, wani nau'in tsamin daban, kawai yake gani, ba ya ganin D-laktat. Takarda ta fito lafiya lau, mutum kuwa jininsa ya yi tsami. In likitan bai san an taɓa yanke hanji ba, da wuya hankalinsa ya kai can.

In ciwon ya tashi, akan tsayar da abinci, a sa ƙarin ruwa da bikarbonat mai rage tsamin jini, wani lokaci a ba da maganin rage ƙwayoyin hanji irin su metronidazol. A gida kuwa mun raba shi da lemun kwalba, bisap mai zaƙi da cika ciki da hura. Kaɗan-kaɗan yake ci, sau da yawa a yini, ƙwai, kifi, nama in an samu. Takardar aikin da aka yi masa tana cikin aljihunsa duk inda za shi, ko kasuwa ce.