Garin Neman Gira

Akwai wani labari da na daɗe ina son rubutawa, amma shafin farko ya hana ni wucewa. Kullum na zauna gaban kwamfuta sai in koma kan jimlar buɗewa: in cire "sai", in mayar da ita, in ɗauke waƙafi daga nan in kai shi can. Kafin in tashi idanuna sun yi ja, labari kuwa yana nan inda na bar shi jiya.

Gyaran ma bai ƙara wa shafin kyau ba. Duk jimlar da ke da ɗan kaifi, wadda ta fito da bakin jarumar yadda yake, ita nake fara gogewa, don kada wani ya ce "wannan kuma fa?" Garin neman gira na kusa rasa ido. Rubutun ya zama tsaf-tsaf, ba inda za ka kushe, amma ba rai a cikinsa.

A 1991 masana halayyar ɗan Adam Paul Hewitt da Gordon Flett sun kasa wannan ɗabi'a ta son komai ya fito ba aibi gida uku: mai matsa wa kansa, mai matsa wa wasu, da mai jin cewa jama'a na jiran ya kawo abin da ba aibi. Na ukun nan ni ne sak. Tsoron idon mai karatu nake yi, mai karatun da bai ma san ina rubutu ba.

Dabarar da ta fisshe ni ita ce wadda Peter Elbow, malamin koyar da rubutu a Amurka, ya yaɗa tun 1973: ka sa agogo minti goma, ka yi ta rubutu ba tsayawa ba gogewa, ko da shirme ne. A kwamfuta abin ya gagara, yatsana da kansa yake zuwa maɓallin gogewa, dole na koma biro da takarda. Gaskiya yawancin abin da ke fitowa tarkace ne. Amma cikin tarkacen nan ne jarumar ta yaɓa wa mijinta wata magana da ban taɓa tsara mata ba, maganar da ta juya akalar labarin gaba ɗaya.

Yanzu na raba aikin biyu. Da safe zubawa kawai nake yi. Gyara sai daftari ya kammala ya kwana biyu a ajiye, sannan in karanta shi a bayyane, duk inda harshena ya sarƙe in ja layi. A wannan mataki har gobe ba na sassauci, shi ya sa nake faɗa wa abokina mai duba mini aiki ranar da zan miƙa masa tun kafin in fara.