Abin da tace fim ɗin taɓin hankali ya koya mini game da tunanin yarinta

Duk wanda ya saba kallon fina-finan da suka shafi taɓin hankali ya san yadda akasarinsu ke ƙarewa. Maras lafiya na zaune gaban likita, likita na ta matsa masa da tambayoyi, can sai hoto ya dusashe a koma shekara ashirin baya, a ga yaro tsaye a bakin ƙofa yana kallon abin da bai kamata ya gani ba. Maras lafiya ya fashe da kuka, ya share hawaye, shi ke nan ya warke. Salon ya tsufa. Tun 1945 darakta Alfred Hitchcock ya yi amfani da shi a fim ɗinsa Spellbound, inda jarumin ke firgita duk lokacin da ya ga layuka a jere a kan farin abu, har sai da ya tuno yadda ya yi sanadin mutuwar ɗan'uwansa bisa tsautsayi suna yara. Daga tunowar nan ciwonsa ya warware. Ga marubucin labari babu abin da ya fi wannan daɗin aiki, domin akwai asiri, akwai mai bincike, akwai kuma ranar tonon asiri.

Sana'ata tace hoto ce. Ni ake kawo wa abin da aka ɗauka in yanka, in jera, in haɗa da sauti har ya zama labari. Aka ba ni wani fim a kan wata mata mai shekara talatin da 'yan kai, wadda ciwon damuwa mai tsanani ya kwantar, abubuwan da suka faru a gidansu tana ƙarama kuma suke ta yi mata gizo. Daraktan ya yi dabara, ya ɗauko wata likitar ƙwaƙwalwa ta riƙa leƙo mu a ɗakin tacewa. Yawancin abin da zan faɗa a nan daga zama da ita ya samo asali, sauran kuma daga littattafan da ta tura ni in karanta.

Abu na farko da ta taɓa shi ne shekarun yarinyar. A rubutun labarin, fitowar waiwaye mafi muhimmanci, wato inda ake komawa baya a nuna yarintarta, ta faru ne jarumar na da shekara biyu, amma an ɗauke ta tsaf, har da kalaman da iyayen suka yi wa juna. Likita ta ce babba ba ya tuna abin da ya faru yana da shekara biyu ta wannan siga. Galibin mutane abin da suke iya tunowa na farko a rayuwarsu yana kamawa ne daga shekara uku zuwa huɗu, shi ma guntu-guntu. Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam, ya yi magana a kan wannan mantuwar yarinta tun 1905, ko da yake dalilin da ya bayar, wato danne abin da rai ba ya so, masana na yanzu ba su tafi a kansa ba. Sun fi danganta abin da cewa sashen ƙwaƙwalwar da ke adana al'amura bai gama nuna ba a wannan shekarun, harshen yaro ma bai yi ƙwarin da zai tsara labari ba. Ƙaramar jarumar da aka ɗauka dama ta girmi shekara biyu nesa ba kusa ba, don haka gyaran bai yi wuya ba: muka cire layin da ya ambaci shekarun, aka sake naɗar muryar wata fitowa aka mayar da su shida.

Wancan gyaran lissafi ne kawai. Wanda ya sauya mini yadda nake aiki shi ne batun ingancin abin da ake tunowa. Labarin Jean Piaget, masanin nan na Suwizalan da ya ƙare rayuwarsa a nazarin tunanin yara, shi ya fi tsaya mini a rai. Ya rubuta cewa ya daɗe yana tuna ranar da wani mutum ya yi yunƙurin sace shi a birnin Faris yana cikin keken jarirai. Yana ganin yadda mai renonsa ta tare mutumin, yana ganin yaƙushin da aka yi mata a fuska, yana ganin ɗan sandan da ya iso riƙe da farin kulki. Yana da wajen shekara goma sha biyar sai matar ta rubuto wa iyayensa wasiƙa, ta ce ƙirƙirar labarin ta yi, ta kuma mayar da agogon da aka ba ta tukwici. Babu ɓarawo, babu ɗan sanda. Labarin da ya yi ta ji a gida ne ƙwaƙwalwarsa ta yi wa hoto.

Ba Piaget kaɗai ba ne. A 1995 masu bincike Elizabeth Loftus da Jacqueline Pickrell suka wallafa gwajin da suka yi da mutum 24 a Amurka. An ba kowa labarai huɗu na yarintarsa, uku na gaskiya da aka samo daga danginsa, ɗaya kuma na ƙarya, wai ya taɓa ɓata a wani katafaren kanti yana da kimanin shekara biyar. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka ce sun tuna, gaba ɗaya ko wani ɓangare, wasu har da ƙarin bayanin da ba a ba su ba. Tun 1932 ma Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij ya nuna cewa mutum ba ɗauko abin da ya adana yake yi ba idan zai tuna, sake gina shi yake yi kowane karo.

To ga matsalar mai tace hoto. Kyamara ba ta san shakka ba. Da zarar na saka fitowar waiwaye, mai kallo ya ɗauka shaida na ba shi, abin da ya faru ke nan. Amma idan tunanin jarumar nake nunawa, to ba shaida ba ce, abin da ke kanta ne a wannan daren. Sai na roƙi darakta ya bar ni in yi amfani da fitowar nan guda sau uku a wurare daban-daban. Sa'a ta sa an ɗauke ta ta kusurwoyi da yawa. A karon farko yarinyar na ƙarƙashin tebur, ƙafafun manya kawai ake gani, da takalmin uban ɗaya a kife. A karo na biyu tana tsaye a bakin ƙofa, takalmin ba ya nan, uwar ce ke ɗaga murya. A na uku, bayan ta yi hira da yayarta, sai ga yayar a cikin ɗakin, alhali a biyun farko babu ita. Abu ɗaya na bari bai sauya ba, ƙarar famfon da aka bari yana ɗiga, kuma nakan shigo da ƙarar kafin hoton da daƙiƙa biyu ko uku, tun jarumar tana zaune a ɗakinta na yanzu. Likita ce ta ba da wannan shawara. Ta ce masu zuwa wajenta sun fi ambaton ƙara ko wari ko wani nauyi a ƙirji, kafin su zo kan abin da ido ya gani.

Kada a fahimce ni a baibai. Cewa tunani na sauyawa ba ya nufin wanda ya ce an cuce shi yana yaro ƙarya yake yi. Likita ta fi tsananta wannan gargaɗi a kan kowanne. Gefe-gefen labari ne ke motsi, launin riga ko wanda ya fara magana, amma ainihin abin yakan zauna daram. Hasali ma yawancin waɗanda suka ga bala'i ba mantuwa ce matsalarsu ba, kasa mantawa ce. Abin yana faɗo musu cikin barci da farke ba tare da sun gayyato shi ba. Wannan shi ne jigon ciwon firgicin bayan masifa da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar a kundinsu a 1980. Fim kuwa ya fi son akasin haka, mutumin da ya manta ƙurmus sai likita ya haƙo masa. A shekarun 1980 da 1990 wannan fahimta ta yi ɓarna a Amurka, inda aka yi ta shari'o'i a kan abubuwan da mutane suka "tuno" a ɗakin masu ba da shawara, wani lokaci ta hanyar sa su cikin wani irin gyangyaɗi ana yi musu tambayoyi masu jan baki. Iyalai sun watse, daga baya kuma aka soke wasu hukunce-hukuncen.

Alaƙar yarinta da lafiyar ƙwaƙwalwa gaskiya ce, babu mai musu. Binciken da Vincent Felitti da Robert Anda suka fitar a 1998, daga aikin da ya haɗa mutum sama da 17,000 a Kalifoniya, ya nuna cewa gwargwadon yawan wahalhalun da mutum ya sha yana yaro, kamar duka, cin zarafi ko tashin hankali a gida, gwargwadon yadda haɗarin ciwon damuwa da shaye-shaye da yunƙurin kashe kai ke ƙaruwa. Sai dai haɗari daban, ƙaddara daban. Akwai waɗanda suka sha wuyar suka tashi lafiya, akwai kuma waɗanda suka tashi cikin gata ciwon ya same su. Fim na son mai laifi guda da za a nuna da yatsa, kuma likitanci ma ya taɓa faɗawa wannan rami. A 1948 likitar ƙwaƙwalwa Frieda Fromm-Reichmann ta fito da ra'ayin cewa uwa mai sanyin hali da mulkin mallaka ce ke jawo wa ɗanta sikizofireniya, ciwon taɓin hankalin da kan sa mutum jin muryoyi da gaskata abin da babu shi. Shekaru aka yi ana ɗora wa iyaye mata laifin da ba nasu ba kafin bincike kan gado da ƙwaƙwalwa ya rushe ra'ayin. Da na san wannan, sai na sake duba yadda na yanka fitowar uwar. Akwai wata ɗauka da take wanke wa yarinyar fuska bayan rigimar, hannunta na rawa. Da farko darakta ya so a bar ta a waje don tana rage wa uwar muni. Na nace aka saka.

Shi kansa ciwon wuyar nunawa gare shi, domin yawancinsa shiru ne. Shi ya sa masu fim ke ƙara masa gishiri. Fim ɗin A Beautiful Mind na 2001 ya nuna John Nash, masanin lissafin da ya ci kyautar Nobel a 1994, yana ganin mutanen da babu su, alhali shi muryoyi ya riƙa ji da kuma tunanin ana ƙulla masa makirci. Na gane dalilinsu, dole kyamara ta samu abin da za ta kalla. Mu abin da muke da shi shi ne mace a kan gado, labule a sauke da tsakar rana, waya na ta ruri ba ta ɗauka ba. Akwai wata ɗauka mai tsawon kusan minti ɗaya da take riƙe da buroshin haƙori ba ta kai shi baki ba. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayin yanke ta, don a ƙa'idar sana'armu ta yi tsawo. Likita ta kalla ta ce, "Malam, ka bar ta. Nan ne kawai na ga maras lafiyata." Na bar ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya, wato kusan miliyan 970, na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, don haka kowane zauren kallo akwai waɗanda suka san wannan minti ɗayan daga ciki.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne ƙarshen fim. Furodusa na son fitowar kuka da warkewa, yana cewa mai kallo ya ba da awa biyu na rayuwarsa, haƙƙinsa ne a sallame shi. Ban ce ba shi da hujja ba. Amma maganin ciwon damuwa kansa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, zaman tattaunawa da likita kuwa watanni, ciwon kuma yana iya dawowa bayan an samu sauƙi. Aka yi sulhu: kukan ya shiga, amma a tsakiyar fim, kuma washegarinsa jarumar ta fi jiya muni. Minti ashirin na ƙarshe muka cika su da abubuwan da ba a saba ba su fili ba, sauya magani saboda na farko yana sa ta barci da rana, ranar da ta tsallake ganin likita, komawarta aiki na rabin yini.

Da aka nuna wa wasu 'yan kallo na gwaji, tambayar da ta fi yawa ita ce wace ce ta gaskiya a cikin fitowar ukun nan. Furodusa ya so a ƙara ta huɗu da za ta raba gardama, darakta ya ƙi. Ni da darakta kuma har yanzu ba mu daidaita a kan kiɗan da ya ɗora a fitowar buroshin haƙori ba. Shi yana ganin ba don kiɗan ba da mutane sun ɗauka na'ura ce ta tsaya, ni kuwa ina ganin goge mai taushin nan yana gaya wa mai kallo ya ji tausayi, alhali ita matar a wannan lokacin ba ta jin komai. Shi ne mai fim, da kiɗan aka fitar.