Inda 'ya'ya biyu suka zama da yawa: lissafin haihuwa a al'ummar Sikh

A nan Yamai, macen da ta haifi biyu ta dakata, dangin miji sun fara tambayar ko lafiya. A jihar Panjab da ke arewa maso yammacin Indiya, cibiyar mabiya addinin Sikh, biyun ma ba kowane gida ke kaiwa ba. Babban binciken lafiyar iyali na Indiya, wanda ake kira NFHS, a zagayensa na 2019 zuwa 2021, ya nuna matsakaicin haihuwar mace 'yar Sikh 1.6 ne. A daidai wannan lokaci, binciken haihuwa na ƙasa da ake kira ENAFEME, na 2021, ya ba Nijar 6.2.

'Yan Sikh su ne mutanen nan masu naɗin rawani da barin gemu, waɗanda addininsu ya faro daga Guru Nanak, haifaffen 1469, babban wurin ibadarsu kuma yana birnin Amritsar. Ƙidayar Indiya ta 2001 ta same su miliyan 19.2, ta 2011 ta same su miliyan 20.8. Ƙarin kashi 8.4 cikin ɗari ke nan a shekara goma, alhali ƙasar baki ɗaya ta ƙaru da kashi 17.7, Hindu da 16.8, Musulmi da 24.6. Saboda haka kasonsu a cikin al'ummar Indiya ya sauko daga kashi 1.87 zuwa 1.72. A cikin Panjab kanta sun sauko daga kashi 59.9 zuwa 57.7.

Kuskuren da aka fi yi da waɗannan alƙaluma shi ne a ce "'yan Sikh suna ƙarewa". Zuwa 2011 adadinsu bai ragu ba, ƙari ma aka samu na mutum miliyan 1.6. Kasonsu ne ya ragu don maƙwabtansu sun fi su saurin ƙaruwa. Mai son ya ji bambancin a jikinsa ya raba 70 da ƙaruwar shekara guda, zai samu shekarun da jama'a ke ɗauka kafin ta ninka. Kashi 8.4 a shekara goma kusan 0.8 ne a shekara, wato sai an haura shekara 85 kafin a ninka. Ƙidayar Nijar ta 2012, wadda ta samu mutum miliyan 17.1, ta ba da ƙaruwar kashi 3.9 a shekara: shekara 18 kacal.

Ita wannan 1.6 ba a samo ta ta hanyar ƙirga yaran da ke tsakar gida ba. Ana kasa mata masu shekara 15 zuwa 49 gida bakwai, kowane gida shekara biyar: 15 zuwa 19, 20 zuwa 24, har a kai 45 zuwa 49. A kowane gida a duba haihuwa nawa aka yi a shekara a cikin mata dubu, galibi ta tambayar matan abin da suka haifa a shekara uku kafin binciken. A haɗa sakamakon gidajen bakwai, a ninka da biyar, a raba da dubu. Abin da ya fito shi ne 'ya'yan da mace za ta haifa in ta yi rayuwarta duka bisa yanayin haihuwar wannan lokaci. Awon yana da rauninsa. Idan 'yan mata suka jinkirta aure da shekara biyu ko uku saboda karatu, adadin yakan faɗi ƙasa da gaskiya na ɗan lokaci, tunda haihuwar ɗage ta aka yi, ba fasawa ba. Kuma al'ummar da ba ta kai kashi biyu cikin ɗari ba, gidajenta kaɗan ne ke shiga samfurin bincike, don haka motsin 0.05 sama ko ƙasa bai isa a gina hukunci a kansa ba. Sai dai a nan zagaye biyar sun faɗi magana ɗaya: 2.4 a 1992-93, kusan 2.3 a 1998-99, ƙasa kaɗan da 2 a 2005-06, sai 1.6 a 2015-16, aka sake samun 1.6 a 2019-21. Da wuya a ce jinkirin aure shi kaɗai ne ya jawo wannan sauka. Ma'aunin da al'umma ke maye gurbin kanta da shi kuwa wajen 2.1 ne.

To yaya aka yi suka ci gaba da ƙaruwa? Don waɗanda aka haifa da yawa a shekarun 1970 da 1980 su ne iyayen wancan lokaci. Ko kowace ta haifi biyu, yawan uwayen ya sa haihuwa ta rinjayi mutuwa. Wannan guzuri ne mai ƙarewa, yakan ɗauki shekara talatin zuwa arba'in.

Mai neman dalili a cikin addini zai sha wahala. Addinin bai hana tazarar haihuwa ba, bai kuma yi umarni da taƙaita ta ba. Jihar Panjab gaba ɗaya, har da Hindunta masu yawa, 1.6 take da shi a binciken ƙarshe. A ganina gona ce ta fi bayyana lamarin. Daga ƙarshen shekarun 1960 Panjab ta zama gidan sabon noman alkama da shinkafa: irin zamani, taki, rijiyoyin burtsatse, tarakta, da jami'ar noma ta Ludhiana da aka kafa a 1962 tana tura dabarun zuwa ƙauyuka. Aikin da a da sai gida ya tara samari shida, yanzu inji ne ke yi, abin da ya saura kuma 'yan ƙodago daga jihohin Bihar da Uttar Pradesh suke yi. Ɗa ya daina zama hannun noma, ya koma mai jiran gado. Manomin da ke da hekta huɗu, in ya bar 'ya'ya maza huɗu, kowa hekta ɗaya zai tashi da ita, wadda ba za ta biya kuɗin tarakta ba. In ya bar ɗaya, gonar ta tsira. Ƙara da kuɗin makarantar kuɗi da na fitar da yaro waje, sai ka ga gidan da ke da hali ma ya tsaya a kan biyu.

A nan ne abin ya ɗauko wata hanya mai muni. Mutane sun rage yawan 'ya'ya, amma ba su rage son ɗa namiji ba, shi ne mai riƙe gona da sunan gida, ita kuwa ɗiya aurar da ita na cin dukiya, domin a can gidan amarya ne ke kai kaya da kuɗi gidan ango. Ku duba lissafin. Gidan da zai haifi shida, yiwuwar a ce babu namiji ko ɗaya kusan ɗaya ce cikin 64. Gidan da zai tsaya a kan biyu, ɗaya ce cikin huɗu. Wato a kowane gida huɗu akwai ɗaya da zai ƙare da mata zalla in an bar abin ga ƙaddara. Da na'urar hoton ciki ta bazu a shekarun 1980, ita ce eko ɗin da ake yi wa matanmu a awon ciki, sai wasu suka mayar da ita abin tantance jinsi, in mace ce a zubar.

A halitta ana haihuwar maza wajen 105 a kan mata 100. Cibiyar bincike ta Pew, a rahotonta na 2022, ta nuna a tsakanin 'yan Sikh an kai maza 130 a kan mata 100 a ƙidayar 2001, mafi muni a duk addinan Indiya. A wannan ƙidaya, cikin yaransu 'yan ƙasa da shekara bakwai, mata 786 ne a kan maza 1,000. Gundumar Fatehgarh Sahib ta Panjab ce ta zo ƙarshe a ƙasar, da 766. Indiya ta yi doka a 1994 da ta haramta amfani da gwajin ciki don faɗin jinsin jariri, aka ƙara mata ƙarfi a 2003 ta yadda dole a yi rajistar kowace na'ura, likitan da ya faɗa kuma ya fuskanci ɗauri da ƙwace lasisi. Inda dokar ke samun cikas shi ne mai saye da mai sayarwa duk sun yarda, babu mai kai ƙara, kuma ana iya isar da saƙon da ishara ba tare da an rubuta komai ba. A 2001 Akal Takht, babbar kujerar hukuncin addinin a Amritsar, ta fitar da umarnin a ƙaurace wa duk mai zubar da cikin ɗiya mace. Ba sabon hukunci ba ne, kundin ƙa'idojinsu, Rehat Maryada, ya riga ya hana hulɗa da mai kashe ɗiya. An samu sauƙi sosai: maza 121 a kan mata 100 a 2011, sannan wajen 110 a binciken 2019-21.

Amma ɓarnar ba ta tsaya a shekarar da aka yi ta ba. Makiyayi ya san garke da matan da ke cikinsa yake ƙaruwa, haka ma jama'a. Abin da ya kamata a lissafa shi ne ɗiya mace nawa kowace uwa ke bari. A ɗauki 1.6 a ninka da kason mata a haihuwa. In maza 110 ne a kan mata 100, kason mata 100 ne cikin 210, wato 0.476. Sakamakon 0.76. Uwaye 100 za su bar 'ya'ya mata 76, su kuma su bar 58, na bayansu 44, tun ba a cire waɗanda za su rasu kafin su isa haihuwa ba. In aka yi wa Nijar wannan lissafi da 6.2, kowace uwa tana barin 'ya'ya mata kusan uku. 'Yan matan da aka hana zuwa duniya a wajajen 2001, yau da suna cikin shekarunsu na ashirin, lokacin da haihuwa ta fi yawa. Giɓinsu yana nan a ɗakunan haihuwa na Panjab, yana nan kuma wajen samarin ƙauye marasa gona mai yawa da ke rasa matar aure, har wasu ke nemowa daga jihohi masu nisa.

Sai ƙaura. Mutumin Tawa ya san tafiya, amma tafiyar ta bambanta. Ɗan cin rani daga Adar yakan tafi Abijan ko Libiya ya bar iyali a gida, ya dawo da damina, haihuwarsa kuma a ƙauyensu ake ƙirga ta. Saurayin Panjab yakan ci jarrabawar Turanci ta IELTS, ya samu bizar karatu, ya nemi takardar zama, ya ɗauke matarsa. 'Ya'yansa a can za a rubuta su. Kanada ta ƙirga 'yan Sikh kusan dubu 278 a 2001, dubu 455 a 2011, dubu 772 a 2021, wato kashi 2.1 na jama'arta, kason da ya fi wanda suke da shi a Indiya. Ingila da Wales sun tashi daga dubu 423 a 2011 zuwa dubu 524 a 2021. Ostireliya ta samu dubu 210 a 2021, daga dubu 126 shekara biyar kafin nan. Masu tafiyar matasa ne, don haka Panjab tana asara biyu, mutumin da kuma zuriyarsa. A lokaci guda 'yan ƙodagon da ke shigowa jihar galibi Hindu ne, wanda shi ma ke rage kason 'yan Sikh ko da haihuwarsu ba ta motsa ba. A farkon 2024 Kanada ta sa iyaka ga bizar ɗalibai, abin da ya taɓa wannan hanya kai tsaye.

Mai haɗa jimillar duniya ya yi hattara. Ƙidayar Amurka ba ta tambayar addini, duk adadin da aka ba da na can ƙiyasi ne. A Ingila amsa tambayar addini ganin dama ce. A Panjab kuma akwai masu sauya sunan da suke ba mai ƙidaya: a 2010 wani ɓangare na mabiya Ravidas, wani malamin addini na zamanin da, ya ayyana kansa addini dabam, kuma irin wannan na iya rage adadi a takarda ba tare da an rasa rai ko ɗaya ba. Ga shi an ɗage ƙidayar Indiya ta 2021 saboda annobar korona, shi ya sa har yanzu alƙaluman 2011 ake juyawa.

Shugabannin addinin sun damu. A 2024 Harnam Singh Dhumma, shugaban makarantar addini ta Damdami Taksal, ya yi kira ga kowane ma'aurata su haifi biyar. Ban ga yadda kira zai yi aiki a inda gona ba ta ƙaru ba, kuɗin makaranta bai sauko ba. Ko komawa 2.1 daga 1.6 na nufin a cikin kowane mata 100 a samu ƙarin haihuwa 50, wato rabin matan al'ummar su ƙara ɗa guda a kan abin da suka tsara. Gyara daidaiton jinsi daga 110 zuwa 105 abu ne da ya wajaba, amma a lissafi 0.76 ɗin nan 0.78 kawai zai koma. Idan sakamakon sabuwar ƙidaya ya fito, teburin yara 'yan ƙasa da shekara bakwai bisa addini da jinsi shi ne na fara dubawa, a gwada shi da yawan mata masu shekara 20 zuwa 34 a gundumomin Panjab ɗaya bayan ɗaya.